Muhawara: Wa ke da ikon shiga wurin mutanen da suka ce ba sa son baƙo?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka taɓo jiya a gurguje nake so mu zauna mata sosai. A watan Nuwamba 2018 wani Ba'amurke ɗan shekara 26, John Allen Chau, ya biya wasu masunta rupi 25,000 suka kai shi kusa da tsibirin Sentinel ta Arewa, cikin tsibiran Andaman na ƙasar Indiya, da niyyar yi wa mutanen wurin wa'azin bishara. Ranar 15 ga wata ya matsa bakin gaɓa a ɗan kwale-kwale da kyautar kifi, aka sakar masa kibiya ta caki Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsa. Bai haƙura ba, ya sake komawa. Ranar 17 masuntan suka hango ana jan gawarsa a kan yashi. Hukuma ta kama mutum 7 da suka taimaka masa, ba ta taɓa kowa a tsibirin ba, gawar ma tana can. Dokar Indiya ta 1956 mai kare ƙabilun asali ta hana zuwa wurin, kuma an shata tazarar kilomita 5 da ba a yarda jirgi ya ƙetare ba.

Wasu suna kiransa shahidi, wasu suna kiransa mai kutse. Masana al'adu kuma suna cewa kowace al'ada a auna ta da mudunta, kada baƙo ya zo da nasa mudun. To idan haka ne, wa'azi gaba ɗaya laifi ke nan? Idan kuma ba haka ba ne, ina iyakar?

Dakta Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga falsafa bari in sa maganar cuta a gaba, don ita ce ke kashe mutane tun kafin a fara gardamar aƙida.

Al'ummar da ta daɗe a keɓe ba ta da garkuwar jiki ga ƙyanda, mura, tarin fuka da makamantansu. Ƙyanda tana kwanciya a jiki kwana 10 zuwa 12 kafin zazzaɓi ya fito, wani lokaci ƙurajen sai sun kai kwana 21 kafin su bayyana, kuma mai ita yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito. Mutum ɗaya yana iya sa wa mutum 12 zuwa 18 idan babu mai rigakafi a cikinsu. Amma abin da ya fi kisa ba ƙwayar cutar ce kaɗai ba. A garinmu idan ƙyanda ta shigo, yara ne ke kwanciya, manya suna tsaye suna jinya. A ƙauyen da bai taɓa ganinta ba, kowa ne ke faɗuwa a mako guda: babu mai ɗebo ruwa, babu mai farauta, babu mai hura wuta, mai shayarwa nononta ya ƙafe. Ƙishirwa da yunwa da ciwon haƙarƙari su ke ƙarasa aikin. Masu sauran ƙarfi kuma sai su gudu zuwa ƙauyen 'yan uwansu, su kai musu.

Ƙungiyar All Nations da ta horar da Chau ta ce ya yi allurar rigakafi 13, kuma ya killace kansa kwana 11 a Port Blair. Ko mun karɓi wannan, bai isa ba. Kwana 11 bai rufe wa'adin ƙyanda ba. Babu allurar da ke hana mura ta yau da kullum. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cuta a hanci da maƙogwaro alhali yana cikin ƙoshin lafiya. Sannan bayan killacewar ya shiga jirgi ɗaya da masuntan da ba su killace kansu ba, wato abin ya rushe tun daga nan.

Fasto Ɗan Wusasa:
Na gode Dakta. Ni ba zan kare yadda ya bi ba. Ya karya doka, ya jefa talakawan masunta cikin kurkuku, kuma bai iya ko kalma ɗaya ta harshen mutanen ba, don har yau babu wani na waje da ya iya shi. Wa'azin da ba a jin harshensa, me aka isar?

Amma ina roƙon kada a ɗauki kuskuren mutum ɗaya a shafa wa aikin mishan baki ɗaya. Ku duba Waorani na ƙasar Ekwado. A watan Janairu 1956 suka kashe 'yan mishan 5 a bakin kogin Curaray, cikinsu da Jim Elliot da Nate Saint. A 1958 matar Elliot da 'yar uwar Saint suka shiga wurinsu tare da wata mace Bawaoraniya mai suna Dayuma. Masu binciken da suka bi salsalar dangogin Waorani har zuriya 5 sun gano kusan kashi 42 cikin 100 na mace-macensu kisan ramuwar gayya ne a tsakaninsu. Bayan shigar 'yan mishan wannan kisa ya ragu ƙwarai. Wanda ya ce kowace al'ada a bar ta yadda take, ya je ya faɗa wa matar da aka soke mijinta da mashi.

Malama 'Yar Katsina:
Fasto, labarin Waorani gaskiya ne, amma ka tsaya a tsakiyarsa. An tattara yawancinsu a matsuguni ɗaya a Tihueno, mutanen da suka saba zama a warwatse. A 1969 shan inna ya ɓarke a wurin, ya kashe mutum 16, ya naƙasa wasu. Dajin da aka kwashe su daga ciki kuma shi kamfanonin mai suka shiga, da Texaco a gaba. Ko 'yan mishan ɗin ba su yi nufin haka ba, sakamakon ke nan: an sauke mashi, an kuma rasa ƙasa. A 1981 shugaba Jaime Roldós ya soke yarjejeniyar SIL, ƙungiyar 'yan mishan masu fassara Baibul da ke aiki a wurinsu, a ƙasar. Dangin Waorani da suka ƙi zuwa matsugunin, wato Tagaeri, har yau suna daji suna gudun kowa.

Sai batun ra'ayin masana, don ana cakuɗa abu biyu. Na farko hanyar bincike ce, wadda Franz Boas da ɗalibansa suka kafa: kafin ka yanke wa al'ada hukunci, ka fahimci aikin da take yi a wurin masu ita. Wannan babu mai hankalin da zai ƙi shi. Na biyu shi ne a ce babu daidai babu kuskure sai abin da al'umma ta ce. Wannan na biyun ko masanan kansu bai riƙe su ba. A 1947 ƙungiyar masana al'adun Amurka, da alƙalamin Melville Herskovits, ta yi wa daftarin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙorafi cewa ma'aunin Turawa ne za a ɗora wa duniya. A 1999 ita wannan ƙungiya ta fitar da sabuwar sanarwa tana goyon bayan haƙƙin ɗan Adam. Kuma ra'ayin yana cin kansa: idan kowace al'ada daidai ce a wurin masu ita, to al'adar ɗan mishan ta fita wa'azi ma daidai ce a wurinsa, da me za ka hana shi?

Saboda haka ni ba na kare mutanen Sentinel da cewa duk abin da suke yi daidai ne. Ba mu ma san abin da suke yi ba. Ina kare su da cewa sun ƙi, kuma su ne za su mutu idan aka yi kuskure.

Baban Sadiq:
Kuma ƙin nasu yana da tarihi. A 1880 wani jami'in Ingila, Maurice Vidal Portman, ya sauka a tsibirin ya kwashi tsoho da tsohuwa da yara 4 ya kai su Port Blair. Tsofaffin suka kamu da ciwo suka mutu nan da nan, aka mayar da yaran da kyaututtuka. Allah kaɗai ya san abin da yaran suka koma da shi a jikinsu. Maƙwabtansu, ƙabilun Babban Andaman, an ƙiyasta sun kai 5,000 lokacin da Ingila ta kafa sansanin fursunoni a 1858. Tunjere ya shiga, ƙyandar 1877 ta yi musu mummunar ɓarna, yau ba su fi 50 da 'yan kai ba. A Janairu 2010 Boa Sr ta rasu, ita ce ta ƙarshe mai jin harshen Bo, ɗaya daga harsunan waɗannan ƙabilu. Su kuma Jarawa, wata ƙabilar ta Andaman, da suka fara fitowa bakin titi a ƙarshen shekarun 1990, ƙyanda ta same su a 1999, ta sake a 2006. Duk tsibiran nan, waɗanda suka riƙe baka da kibiya ne ba a ci ƙasarsu ba.

Ɗan Adamawa:
Amma ai an taɓa yin mu'amala da su lafiya, ko?

Baban Sadiq:
An yi. A Janairu 1991 tawagar gwamnatin Indiya, cikinta da Madhumala Chattopadhyay, ta miƙa musu kwakwa suka karɓa ba tare da harbi ba, bayan shekaru da T. N. Pandit ya yi yana jagorantar kai kyauta bakin gaɓa. Amma ba su taɓa yarda baƙo ya zauna ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta daina tafiye-tafiyen. A 2006 sun kashe masunta 2 da jirginsu ya kauce ya faɗa gaɓarsu.

Barista:
Bari in kawo yadda Barazil ta tsara nata, don can ne aka fi yawan irin waɗannan al'ummu. Da can manufar gwamnati ita ce a nemo su a "jawo" su. Ƙabilar Panará misali ce: an same su a 1973 lokacin gina titin Cuiabá zuwa Santarém, suna ɗaruruwa, zuwa 1975 saura 79. Lura, wannan ba mishan ba ne, gwamnati ce da titi. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki da hannunsu, da Sydney Possuelo a gaba, su ne suka sa FUNAI, hukumar gwamnati mai kula da 'yan asalin ƙasa, ta juya manufa a 1987: ba a neman su kuma. Aikin ya koma tabbatar da cewa suna nan ta hanyar sawu, gonaki, bukkoki da hoto daga sama, sai a shata ƙasar, a fitar da umarnin hana shiga, a kafa sansanin tsaro a bakin koguna, a yi wa ƙauyukan da ke kewaye rigakafi don su zama katanga. Ba a tuntuɓa sai idan su suka fito da kansu, ko rayuwarsu na cikin haɗari a fili. FUNAI ta daɗe tana lissafa rahoto 114 na irin waɗannan ƙungiyoyi, 28 daga ciki tabbatattu. Sashe na 231 na tsarin mulkin 1988 ya amince da al'adu, harsuna da aƙidun 'yan asalin ƙasa tare da haƙƙinsu kan filayensu.

A wannan shekara ta 1987 ɗin ƙungiyar 'yan mishan ta New Tribes Mission ta jawo mutanen Zo'é zuwa sansaninta a jihar Pará. Mura da zazzaɓin cizon sauro suka kashe da dama, FUNAI ta kore su a 1991. A Faraguwai kuma, Disamba 1986, matuƙin jirgin wannan ƙungiya ya hango matsugunin Ayoreo-Totobiegosode a dajin Chaco, aka tura Ayoreo da suka riga suka zama Kirista su je su ɗauko su. Aka gwabza, 5 daga cikin masu zuwa suka mutu, aka kwaso mutanen zuwa Campo Loro, wasunsu suka mutu da cuta. Abin lura a nan shi ne Baturen bai shiga dajin ba. 'Yan uwansu ya tura, kuma su suka kwashi mashin.

Fasto Ɗan Wusasa:
Barista, abin Chaco abin kunya ne, ba ni da abin cewa a kansa. Coci-coci ma sun yi wa kansu faɗa. A 2011 Majalisar Coci-cocin Duniya da fadar Fafaroma da ƙawancen 'yan bishara na duniya sun fitar da takarda ɗaya da ta haramta amfani da yaudara, tilas, ko cin gajiyar talauci da rashin lafiyar mutum wajen wa'azi. A Yuli 2022 Fafaroma Francis ya je Kanada ya nemi gafara kan makarantun kwana da aka kwashi yaran 'yan asali kusan 150,000 aka raba su da iyayensu da harshensu.

Amma ina da tambaya. A Kalaba ana jefar da tagwaye a daji a kori uwarsu. Mary Slessor, 'yar mishan daga Sikotland, ta iso 1876, ta shiga Okoyong a 1888, ta yi ta tsintar jarirai tana reno. Da an bi ra'ayin a bar kowa da al'adarsa, su wa za su mutu? Shi jaririn ba a tambaye shi ko ya yarda da al'adar ba.

Malama 'Yar Katsina:
Tambaya mai nauyi ce Fasto, kuma amsata ita ce a ceci jaririn. Sai dai a duba yadda canjin ya kama ƙasa. Kalaba ba keɓaɓɓen wuri ba ne, Efik sun yi ƙarnuka suna ciniki da Turawa, kuma sarakunansu ne suka gayyaci mishan, Hope Waddell ya sauka a 1846. Dokar da ta hana kashe mutane wajen jana'izar manya a 1850 dokar Ekpe ce, ƙungiyar gargajiya ta Efik mai kafa doka, da goyon bayan Sarki Eyo Honesty na Biyu na Creek Town. Slessor ta iya harshen Efik, ta zauna cikin mutane har ta rasu a 1915, tana da abokan aiki cikin matan garin. Akwai masu ƙin abin tun daga ciki, musamman iyaye mata, baƙuwar ta ba su mafaka ne.

Kwatanta da Kenya a 1929. John Arthur na mishan ɗin Sikotland ya ce kowane malami da dattijon coci ya sa hannu cewa ya bar kaciyar mata ko a kore shi. Kaciyar cutarwa ce, babu shakka. Amma an kawo hanin daga sama, a lokacin da Turawa suka ƙwace gonakin Kikuyu, sai kaciyar ta zama tutar kishin ƙasa. Jama'a suka fice daga coci da yawa, suka buɗe makarantu da majami'u nasu, al'adar ta ci gaba shekaru da dama. 'Yan matan da aka ce za a ceta ba a cece su ba.

A Sentinel kuwa babu ko ɗaya daga sharuɗɗan Kalaba: babu gayyata, babu harshe, babu na ciki da ya nemi taimako, babu ma shaidar wata cutarwa da za a ce an je hanawa.

Ustaz Abu Maryam:
Allah ya saka. Ina so mu yi wa kanmu adalci, kada mu zauna muna auna 'yan mishan kawai. Mu ma muna da da'awa, muna kuma ganin wajibi ce. Ayar ta ce "La ikraha fid din", babu tilas a addini. To tilas ba takobi ne kaɗai ba. Idan rijiyar burtsatse ɗaya ce a ƙauye, ko asibiti ɗaya, ko makaranta ɗaya, kuma mutum ya fahimci sai ya karɓi addinin mai ita zai samu, ai an tilasta shi ko ba a ɗaga masa murya ba. Wannan ya shafi mai zuwa wurin Maguzawa ko duwatsun Koma, da Alƙur'ani ya je ko da Baibul.

Ga abin da nake ganin ya wajaba a kan kowa: a nemi izinin mutanen gari a fili, a faɗi ainihin abin da ya kawo ka tun ranar farko, a raba rabon magani da abinci da zaman wa'azi, a ba wanda ya ƙi daidai da wanda ya karɓa, kada a ɗauki yaro ba da yardar iyayensa ba, kada a ƙona wurin bautar kowa. Idan an ce ka tafi, ka tafi.

Ɗan Adamawa:
Gaskiya ne Ustaz. Amma Koma ba kamar Sentinel ba ne. A 1986 jaridu suka yi ta cewa an "gano" su a duwatsun Alantika, alhali sun daɗe suna saukowa kasuwa suna hulɗa da Chamba da Fulani. Ana iya tambayarsu su amsa, kuma da yawansu makaranta da asibiti da hanya suke nema.

Barista:
Nan ne bambancin yake a doka. Wanda za a iya tambaya, a tambaye shi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan 'yan asalin ƙasa ta kafa sharaɗin yarda mai siffa uku: ba da tilas ba, kafin a fara, kuma bayan cikakken bayani. Sashe na 38 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ba da 'yancin sauya addini da yaɗa shi, amma ƙaramin sashe na 2 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Haƙƙin yin wa'azi bai zama haƙƙin a saurare ka ba, balle na shiga ƙasar wani. Wanda kuma ba za a iya yi wa bayani ba don ba a jin harshensa, gudunsa da kibiyarsa su ne amsarsa.

Sai dai hana 'yan mishan ba kullum don tausayi ake yi ba. Bayan alkawarin Lugard a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Turawan mulki sun taƙaita mishan a masarautu don zaman mulkinsu ya yi daɗi. Dakta Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya aka mayar da tashar Wusasa. Tun da mishan ne ke riƙe da yawancin makarantun boko a lokacin, kuma gwamnati ba ta cike giɓin ba, an san abin da ya biyo baya.

Fasto Ɗan Wusasa:
To wannan ita ce damuwata. Har yaushe za a bar su? Mace tana mutuwa wajen haihuwa a kan abin da allura ɗaya za ta magance, mu muna kallo daga jirgin sama muna cewa girmamawa ce.

Dakta Maman Ilham:
Ba kai kaɗai ke wannan tunani ba Fasto. A 2015 Robert Walker da Kim Hill sun rubuta a mujallar Science cewa barin su ba zai ɗore ba, tunda masu sare itace da haƙar zinariya da fataucin ƙwaya suna matsowa, gara a tsara tuntuɓa da likitoci a shirye. Ƙungiyoyin 'yan asali da ma'aikatan FUNAI suka yi musu ca. Ga dalilin a aikace.

Tuntuɓa mai tsari tana buƙatar tawagar da ta gama rigakafi kuma aka killace ta gaba ɗaya, har da matuƙin jirgi da mai dafa abinci. Tana buƙatar tafinta daga ƙabila mai harshe makusanci. Allurar ƙyanda sai an riƙe ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan an haɗa ta da ruwanta kuma a yi amfani da ita cikin awa 6 ko a zubar, ga daji babu lantarki. Bayan an yi ta, sai mako 2 zuwa 3 kafin garkuwa ta kama, kuma cikin wannan tsakanin ne mura ke shiga. Dole likita ya zauna a wurin shekaru, ba makonni ba, da maganin ciwon haƙarƙari da abinci da hanyar kwashe mara lafiya. Sannan sai ka shawo kan mutumin da bai taɓa ganin allura ba ya miƙo hannu, alhali ya ga ɗan uwansa ya fara tari bayan zuwanka. Idan ya gudu daji da cutar, ba ka da yadda za ka bi shi. Inda abin ke lalacewa kusan kullum shi ne shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da kuɗin aikin ya ƙare, likita ya koma birni, hanyar da aka buɗe kuma tana nan.

Baban Sadiq:
Kuma tsaron kansa ba shi da tabbas. A Fabrairu 2020 gwamnatin Bolsonaro ta Barazil ta naɗa Ricardo Lopes Dias, wanda ya yi shekaru yana aiki da New Tribes Mission, shugaban sashen keɓaɓɓun ƙabilu na FUNAI. Ƙungiyar 'yan asalin kwarin Javari, Univaja, ita ta je kotu a tsakiyar korona, a watan Afrilu alƙali ya hana 'yan mishan shiga yankin. A Yuni 2022 kuma aka kashe Bruno Pereira, tsohon shugaban wannan sashe, tare da ɗan jarida Dom Phillips a kan kogin Itaquaí, kuma masu kamun kifi ba bisa doka ba ne aka kama.

Ustaz Abu Maryam:
Barista, idan aka samu waɗanda suka musulunta ko suka zama Kirista daga cikin ƙabilar, suka ce su za su je wurin danginsu na daji da kansu, doka ta hana su?

Barista:
Nan ne dokar ta fi rauni, Allah gafarta Malam. Umarnin hana shiga yana kama baƙo cikin sauƙi, amma ɗan ƙabilar da ke zaune a cikin yankin da aka shata ba ya buƙatar takardar izini don ya bi kogin kakanninsa. Abin da hukuma ke iya bi shi ne wanda ya ba shi man jirgi, da na'urar nuna hanya, da hoton wurin daga sama. Idan an kama wannan silsila, a tuhumi mai ɗaukar nauyin. Idan kuwa da ƙafarsa da guzurinsa ya tafi, sai dai shugabannin ƙabilar su hana shi, shi ya sa ƙungiyoyi irin Univaja suka kafa tawagar sintiri tasu, ba su jira gwamnati ba.